Lambu ba mazaunin tsohon dutse ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin masu karatu kan wani ginin dutse irin na gidan ibadar Kirista, mai ginshiƙai da bakuna, da ke lambun wani gida mai suna Mas del Vent, a Palamos ta ƙasar Sifen. An fara harhaɗa shi a Madrid a shekarun 1930, aka sayar a 1958, aka kwashe zuwa bakin tafkin ninƙayar gidan. A 2012 Gerardo Boto, masanin tarihin fasaha na Jami'ar Girona, ya ce aikin ƙarni na 12 ne, hukumomin Kataloniya, yankin da Palamos take, kuma suka ce galibinsa kwaikwayo ne na ƙarni na 20. Da an rubuta asalin kowane dutse tun farko, da wannan gardama ba ta taso ba.

In za a kwashe irin wannan gini zuwa wani wuri, kafin a cire dutse ko ɗaya, ana zana ginin, a ɗauki hoto, a sa wa kowane dutse lamba a gefen da zai ɓoyu, a kuma sa alamar samansa. Dutsen yashi yana da shimfiɗa a cikinsa. In aka juya shi, sai ya riƙa ɓarewa falle-falle. Ko lambar ma ba ta isa ba in an yi sakaci. A 1925 attajirin Amurka William Randolph Hearst ya kai wani tsohon gidan ibada na garin Sacramenia da ke Sifen zuwa Amurka cikin akwatuna kusan 11,000. Jami'ai suka buɗe su, suka ƙona ciyawar ciki saboda tsoron cutar dabbobi, aka mayar da duwatsun barkatai. Sai a shekarun 1950 aka samu aka gina shi a Florida.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an gina. Magina na dā da farar ƙasa suke haɗa dutse, ita kuwa tana barin danshi ya fita. Simintin zamani kuwa yana riƙe danshin, ga gishirin da ke cikinsa, wanda ke daskarewa a ƙananan ramukan dutsen ya mai da sassaƙar gari. Ƙarfen da aka ɗaure duwatsu da shi yana tsatsa, ya kumbura, ya tsaga su daga ciki. Ga ban-ruwan lambu kullum, ga saiwoyi, ga ruwan tafki mai magani.

Duk mai irin wannan gini a gidansa ya nisantar da shuka da ban-ruwa daga gindinsa, ya yi magudana, ya kuma buɗe wa masana ƙofa su auna su rubuta.

Naku,
Mai karatu