Rahoton ayyukan ƙungiya na wannan shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba ya ce in rubuta rahoton nan na ƙungiyarmu ta taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su riƙe dabbobinsu in tura a grup tun kafin taron ƙarshen shekara, don kowa ya karanta a nutse, kada a zo ranar ana tambayar abin da an riga an yi bayani.

Mitin ɗin wata-wata mun yi shi kamar kullum, sai guda biyu da suka faɗo cikin azumi da Babbar Sallah.

Bari in fara da kuɗin wata domin shi ne ya fi ci min rai. Naira 1,000 ce, mu da kanmu muka yanke ta ba wanda ya tilasta mana, amma wallahi waɗanda suka biya wata goma sha biyu cif ba su cika yatsun hannuna biyu ba. Na kira, na tura saƙo, na bi wasu har shago a Kwari da Sabon Gari da man babur ɗina, wani ya ce "Sakatare ka je za ka ji alat", har yau ban ji ba, wani kuma da ya hango ni sai ya kara waya a kunne. Na san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kowa da kansa yake ji, ni ma magidanci ne. Amma wanda ba shi da ita ya faɗa, mu san lissafinmu. Shirun ne yake kashe mu, saboda da sunanka muke yin kasafi.

Wannan ne ya kawo maganar garken ajiya, inda za mu riƙa riƙe wa mutane dabbobinsu in sun rasa wurin ajiye su, wanda na ga wasu suna ta guna-guni a kai wai ina kuɗin bulo. Bulo yana nan, a je a gani, an ja katanga ta kai ƙirjin mutum a filin da Alhaji ya ara mana ta bayan Rijiyar Zaki, an kafa turaku. Abin da ya tsaya kwano ne da ƙofa da tankin ruwa. Lokacin da muka yi lissafi farashin siminti daban yake da lokacin da muka je saye, magini ya ce ba zai taɓa rufi ba sai ya ga rabin kuɗi a hannu, damina kuma ta shigo mana. Ba wanda ya ci kwabo, rasit yana wurin ma'aji, duk mai so ya duba.

Kuma rashin garken nan ya yi mana tsada. Cikin watan Agusta bangon ɗakin wata Iya ya faɗi a Kurna bayan ruwan dare, Allah ya tsare ba rai a ciki. Mijinta ya rasu, awakinta uku ne bankinta, su ne kuɗin asibiti su ne kuɗin makarantar jikoki. 'Yarta ta ce ta dawo wurinta, to amma gidan haya ne, mai gidan ya ce mutum dai ya shigo, akuya ba za ta kwana masa a tsakar gida ba. Da muka je mun same ta zaune bakin ɓaraguzan da igiyoyin a hannu, ga kwanon dusa a gefe ruwa ya cika shi. Ta ce min "ɗan nan, ku riƙe min su ko wata biyu ne." Ba mu da inda za mu kai su. Ma'aji ya ɗauki ɗaya gidansa, biyun dole aka sayar, kuma kowa ya san yadda dillali yake yi da wanda ya ga ya matsu. Da rufin nan yana kai da har yanzu awakinta uku ne, ƙila ma sun haihu. Har yau idan na bi ta layin sai na tuna.

Abin da muka samu yi dai mun yi. Mun raba dusa da harawa sau biyu, an sayo dawa daga Dawanau an ba masu tattabaru da kaji, mun biya wa wasu kuɗin ganin likitan dabbobi. Baba mai gadin nan na Hotoro da aka sallama daga aiki, ya rasa ɗakin da yake kwana shi da karensa, ɗaya daga cikinku ya samo masa gadin wani gareji inda suka yarda da karen, Allah ya saka masa. Shirin raba keji ga masu kyanwa bamu fara ba, kafinta ya ba mu farashi muka ga ba hali.

Yanzu ga abin da ya faranta min rai a shekarar nan gaba ɗaya, wato ranar allura. Mun ɗora ta a kan 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da ciwon haukan kare. Mai unguwa ya ba mu fili, liman ya yi sanarwa bayan sallar Asuba, Dakta, likitan dabbobi, ya zo da yaransa biyu bai karɓi ko sisi ba, ya zo da allurar a cikin kula cike da ƙanƙara don in ta sha zafi ta lalace, irin wadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Ni na ɗauka mutum goma za mu gani mu tashi. Kafin ƙarfe tara layi ya zagaye kwana. 'Yan farauta da karnukansu a sarƙa, masu gadi, matan aure sun aiko yara da mage a cikin kwando an rufe da zani, wani yaro ya kawo tasa a buhu kanta kaɗai a waje tana ta kuka, wani ya sauko daga a-daidaita-sahu rungume da kwikwiyo biyu, Dakta ya duba ya ce ba su kai wata uku ba a dawo da su. Har masu tumaki suka zo, muka ce wannan allurar ba tasu bace amma aka ba su maganin tsutsa da na kaska.

Abin da ya fi burge ni bayanin da Dakta ya tsaya ya yi. Ya ce ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara a duniya, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duk ta cizon kare, kuma da zarar alama ta fito a jikin mutum kusan ba a tashi. Ya ce in kare ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da zai faru. Wurin ya yi tsit, har wani dattijo ya ce a maimaita. Sannan kowace dabba an ba ta kati, kuma katin nan ya yi aikin da bamu zata ba, mutum biyu sun faɗa min sun nuna wa mai gidan hayarsu ya bar maganar korar karen. Mun tashi bayan La'asar allura ta ƙare mutane basu ƙare ba.

To amma su waye suka yi aikin? Mutanen nan dai da kullum su ne. Su suka ɗauko benci, su suka riƙe kare, ɗaya har mage ta yakushe shi a hannu ya ɗaure ya ci gaba. Da aka saka hotuna a Facebook sai ga masu Masha Allah sun cika wuri, har da waɗanda rabon da mu gan su tun bara. Grup ya cika da mutane amma in an ce a fito sai ka ji kamar an yi ruwa an ɗauke.

Masu ce mana ana fama da yunwa kuna ciyar da mage, ku daina jin kunyar ba su amsa. Mai magen muke taimako, tsohuwar da ba ta da kowa a ɗaki sai ita, da mai gadin da karen nan shi ne aikinsa. Kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi.

Shawarar kwamiti ita ce duk abin da ya shigo daga yanzu rufin garke za a fara kafin damina, ba za mu buɗe wani sabon aiki ba. Sunayen masu bashi ban saka a nan ba, shugaba ya hana, amma takardar tana hannuna zan zo da ita. Wanda ya ga ba zai iya ci gaba ba don Allah ya kira ni ya faɗa, ba faɗa ba gaba, a cire sunansa. Taron ƙarshen shekara Asabar mai zuwa ne bayan La'asar a inda muka saba, kowa ya zo da abin da ake bin sa ko rabi ne.

Sakatare