Wasiƙa daga Pohang a kan ƙauyukan Homigot

Aminina Sarkin Taswira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Shirun da ke tsakaninmu ya yi tsawon da har na fara jin nauyin kiranka a waya, shi ya sa na zaɓi takarda, domin ita ba ta katse mutum da ƙorafi. Ka tambaye ni a saƙonka na ƙarshe yadda Koriya ta Kudu take raba ƙasarta a karkara, saboda darasin da kake shirya wa ɗalibanka, kuma yanzu na sami amsar da ƙafata ta taka.

Wurin da zan ba ka labarinsa shi ne Homigot-myeon (myeon ƙaramar gunduma ce ta karkara), a shiyyar kudu ta birnin Pohang, cikin lardin Gyeongsang ta Arewa. Wani ɗan tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin tekun gabas, ruwa ya kewaye shi ta gabas da arewa da yamma, inda mashigin Yeongil ya raba shi da cikin gari. Daga gaɓar yamma ana hango masana'antar ƙarfe ta POSCO a ƙetaren ruwa. Ta kudu ya yi iyaka da Guryongpo da Donghae-myeon. Tsakiyarsa tuddai ne marasa tsayi, saboda haka gidaje suka jeru a bakin ruwa, kowane rukuni da ƙaramar tasharsa ta kwale-kwale. A shekarar 1986 aka cire shi daga Guryongpo aka ba shi matsayin kansa da sunan Daebo-myeon, sai a 2010 aka mayar da shi Homigot, sunan tsinin da Koriyawa suke ɗauka a matsayin wutsiyar damisar da suke siffanta ƙasarsu da ita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma wanda nake so ka jaddada wa yaranka, shi ne cewa ƙauye a nan iri biyu ne, ko da yake duka biyun ri ake ce musu. Akwai ƙauyen doka, wanda shi ne ke cikin rajistar filaye da takardun mallaka, kuma da wuya a taɓa iyakarsa. Da yawa daga irin waɗannan iyakoki a Koriya sun samo asali ne daga haɗe-haɗen ƙauyuka da Japanawa suka yi a 1914, lokacin da suke mulkin ƙasar. A Homigot guda huɗu ne: Daebo-ri da Guman-ri da Gangsa-ri da Daedongbae-ri. Sannan akwai ƙauyen gudanarwa, wanda ake yankawa gwargwadon yadda mutane suke zaune, a lanƙaya masa lamba, kamar Daebo 1-ri da Daebo 2-ri da Daebo 3-ri, ko Guman 1-ri da Guman 2-ri. Idan mutum zai sayar da gona, sunan ƙauyen doka ne zai yi masa amfani, amma idan sanarwar rigakafi ko ta guguwa yake jira, daga ƙauyen gudanarwa za ta zo masa.

Kowane ƙauyen gudanarwa yana da shugabansa da ake kira ijang, wanda ya yi kusa da mai unguwarmu, sai dai ba gado ake yi ba. Mutanen ƙauye ne suke tsayar da shi, shugaban myeon ya tabbatar, a riƙa ba shi ɗan alawus duk wata. Shi kansa shugaban myeon ma'aikacin gwamnati ne da magajin gari yake turowa, don haka kada ka rubuta wa yara hakimi a allo, na san halinka da son naɗa wa kowa rawani. Na zauna a zauren taron wani ƙauye na ga yadda aikin yake: takalman tsofaffi jere a bakin ƙofa, su kuma suna zaune a kan daɓe mai ɗumi suna cin abinci tare, sai ijang ya ɗauki makirufo, muryarsa ta fita ta lasifikar da ke kan falwaya har bakin teku. A gefensa kuma akwai ƙungiyar masunta ta ƙauye, wadda ita ce ke da ta cewa a kan wanda zai ciri ciyawar teku da dodon koɗi a gaɓar. A ganina nan ainihin iko yake, domin abincin mutane a ruwan yake. Abin da ya dame ni shi ne na duba zauren nan ban ga mai baƙin gashi ba. Matasa sun tafi Pohang da Seoul, kuma matan da suke nutso ba tare da tukunyar iska ba yawancinsu sun kai jika.

Baƙi kuwa Daebo-ri kawai suka sani, inda hasumiyar haska jiragen ruwa take tun 1908, tsayinta mita 26.4, an gina ta da tubali zalla babu rodi. Kusa da ita akwai gidan tarihin irin waɗannan hasumiyoyi da aka buɗe a 1985, da katafaren hannun dama na tagulla da aka kafa a cikin ruwa a 1999, ɗan'uwansa na hagu yana kan tudu. Ranar 1 ga Janairu jama'a suna cika wurin domin kallon fitowar rana. Ni dai gonakin sha'ir na Guman-ri sun fi burge ni, inda iska ba ta hutawa.

Na ji an ce mutuminka ya sake ɗage bikin, kuma kai ne ka tsaya masa a gaban surukai. Ka rubuto mini yadda aka ƙare. Ina da taswirar takarda daga ofishin myeon mai nuna iyakokin ƙauyukan huɗu, zan ba wanda zai taho gida bayan salla ya kawo maka, amma da sharaɗin ba za ka liƙa ta a bango da ƙusa ba kamar waccan. Ka gaida Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Amininka na Pohang