Sanarwa ga Masu Zuwa Dubiya Asibiti

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Idi-Araba da Agege.

Jiya na je duba ƙanwata da aka yi wa tiyatar haihuwa, na tarar da mutum bakwai zagaye da gadonta, wata baba har ta kai hannu za ta ɗaga bandeji ta ga ɗinki. Nas ta hana, sai aka hau guna-guni wai ta cika tsanani. Wallahi ita ke da gaskiya.

Ma'aikatan jinyar nan su ke tabbatar da an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin almakashi da wuƙa kafin aiki, kullum kuma suna duba ciwon, ko ya yi ja, ko ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka har kashi 20 cikin 100 na matan da aka yi wa wannan tiyata ciwonsu kan harbu.

Don Allah mu wanke hannu da sabulu kafin taɓa majinyaci, mu shiga biyu-biyu, kar a zauna kan gado. Kada a shafa man kaɗanya a ɗinki. In bayan sallama ya fara mugunya ko wari, a koma asibiti a ranar.