Wasiƙa Kan Akwatin Baba

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Mutumin da ya haura shekara 90, ya sa kaki ya tuɓe, ya koma neman na kansa har ya ga tattaɓa-kunne, ya sha miya ƙwarai, amma rashin uba babu babba babu yaro.

Ka ce kun buɗe akwatinsa na ƙarfe kun tarar da takardu da hotuna da lambobin yabo da tsohon kakinsa, kana tambaya ta ina za a fara. Shawarata, mayar da murfin tukuna ka nufi wajen Mama. Shekarun da ya yi a soja hukuma ta rubuta su, amma shekaru 60 ko fiye da ya yi bayan sallama, yana sammakon fita aiki yana ciyar da gida, babu ofishin da ya ajiye su. Suna bakin Mama da ƙannensa da abokan sana'arsa, su kuwa ba yara ba ne.

In za ka ɗauki muryarta, ka ajiye wayar a kan matashi, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga bakinta, ka kashe fanka da talabijin, don ƙararsu tana danne muryar tsoho. Ka fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana. Kada zama ya wuce minti 45, gara a yi zama huɗu gajeru da a yi guda ɗaya da za ta gaji. Kuma kada ka ce mata “ba ni labarin Baba”, amsar ba za ta wuce “mutumin kirki ne” ba. Miƙa mata hoto guda ka tambaye ta wane ne na hagunsa, ko da ƙarfe nawa yake tashi, ko me ya fara saya da albashinsa na farko bayan ya bar bariki. In ta yi shiru, ka bar ta, yawanci abin da ke biyo bayan shirun shi ne maganar. Kowa a ɗauke shi shi kaɗai, domin in ka haɗa su, mai baki ne zai cinye zaman.

Sai takardu. Abu na farko da za ka nema shi ne lambarsa ta soja, tana jikin takardar sallama ko takardun fansho. Suna yana iya zuwa ɗaya da na wani, magatakarda kuma kowa da yadda yake rubuta shi, amma lamba ta mutum ɗaya ce, da ita ake bin sawun bataliyarsa da muƙaminsa da inda aka tura shi. Kada ka ɗauka kwafin hukuma yana nan yana jiranka. A 1973 gobara ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyar takardun sojojin Amurka da ke Sent Luwis, kuma a 1940 bam ya ƙone fiye da rabin takardun sojojin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Landan. Ta yiwu wadda ke hannunka ita kaɗai ta rage.

Saboda haka, don Allah kada wani ya kai ta a manne ta cikin leda da zafi, wai don ta daɗe. Zafin da gam ɗin suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya ɓare ta bayan haka. Salatif ma haka, bayan ’yan shekaru sai ya bar tabo ruwan ƙasa. Ka cire duk wata allura ko ƙarfen maƙala takardu, tsatsa suke zubarwa, robar ɗauri kuma narkewa take ta manne. Ka warware ninki a hankali, ka shimfiɗa kowace takarda a kwance da farar takarda a tsakani. A yi sikanin takardu a dpi 300 (wato yawan ɗigo a kowane inci, ana zaɓarsa a na'urar sikanin), hotuna a 600, gaba da baya. Sunayen mutanen da ke hoto a rubuta a bayansa da fensir mai laushi, ban da biro, tawadarsa tana ɓullowa ta gaba.

Lambobin yabon nan ne na fi jin tsoron hannun mai son gyara. Kada a goge su da man goge ƙarfe. Kowace guga tana cin saman ƙarfen, wasu lambobin kuma a gefensu aka zana suna da lambar mai su. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, a riƙe su ta gefe, don gishirin gumi yana barin shaidar yatsa. Ƙyallen da aka rataye su da shi kada a wanke shi, kada a canza, launinsa ne ke nuna yaƙin ko aikin da aka ba da lambar dominsa, rana kuwa kashe launi take. Ka ɗauki hotonsu yadda ya jera su kafin a taɓa, jerin yana da ƙa'ida. A guji leda mai taushi irin ta PVC, ita ke sa tagulla ta yi kore.

Kakin, in na ulu ne, asu ne abokin gabarsa. Ka cire lambobin, ka sa shi a leda ka ɗaure bakin sosai, ya yi mako biyu a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, sannan ya kwana ɗaya a wajen firizar kafin a buɗe ledar, don kada raɓa ta sauka a kansa. Daga nan a naɗe shi cikin farin yadin auduga. Akwatin kuma a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da ke jiƙa.

Muryoyin da hotunan a yi musu kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya kuke ba, kowane fayil da shekara da suna.

Ka gaishe min da Mama, ka yi mata ta'aziyya a madadina. In ka samo lambar tasa ta soja, turo min tare da hoton takardar sallamar, gaba da baya.

Naka,
Amininka