Shirinku na gidajen karkarar Ingila ya tsallake asalin dukiyar

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na ranar Asabar, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Wakilinku ya ɗauki dogon lokaci yana zuba wa gidan Harewood, wani katafaren tsohon gida a karkarar Ingila, kirari: ga lambu, ga tafki, ga kujerun da Thomas Chippendale ya ƙera, ga hotunan manyan masu zane a bango. Na kasa kunne in ji ya faɗi inda dukiyar ta fito, amma har aka rufe shirin bai ce uffan ba. An yi tuya an manta da albasa ke nan.

To, tunda shi bai faɗa ba, bari ni in faɗa. Edwin Lascelles ne ya sa aka gina gidan tsakanin 1759 da 1771, da dukiyar da mahaifinsa ya tara a tsibirin Barbados ta hanyar cinikin sukari da na bayi. Raken nan 'yan Afirka ne suka noma shi, bulala na bin bayansu. Da majalisar Birtaniya ta zartar da dokar hana bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya. Wa aka biya? Masu bayin! Su bayin ko sisi ba su gani ba, hasali ma an tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har zuwa 1838 da sunan koyon sana'a. Iyalan Lascelles na cikin waɗanda suka karɓi kuɗin, a kan bayi sama da dubu. Bashin da gwamnati ta ci don biyan wannan diyya kuwa sai a 2015 aka gama sauke shi, wato mu da muka daɗe muna biyan haraji a ƙasar nan, da guminmu a ciki.

Ni ba a rediyo na san gidan nan ba. Daga inda muke zaune ba shi da nisa, a gefen birnin Leeds yake, mutum zai fita da safe ya dawo kafin duhu. Nakan kwashi yara idan an yi hutun makaranta mu je irin waɗannan wurare, don na gaji da ganinsu sun sunkuyar da kai a waya daga safe har dare. Ranar da muka shiga Harewood, ƙaramar 'yata ta ɗaga kai ta kalli rufin falon, ta ce, "Baba, wane aiki mai gidan nan yake yi?" Kafin in haɗa amsa, wata dattijuwa cikin masu nuna wa baƙi ɗakuna ta sunkuyo ta gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: sukari da bayi. Yarinyar nan har muka dawo gida tambaya take yi, kuma babu darasin makarantar da ya zauna mata a ka kamar wannan.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Masu gidan da kansu ba sa ɓoyewa. Haka ma ƙungiyar National Trust, wadda ke kula da wasu ɗaruruwan gidaje da filaye na tarihi tun kafuwarta a 1895, ta fitar da rahoto a 2020 ta lissafa wurare 93 na hannunta da ke da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Fadar Penrhyn da ke arewacin Wales na ciki, ita kuma dukiyar gonakin rake na Jamaika ce a ƙarƙashinta. Wasu 'yan majalisa da jaridu sun yi mata ca a kan rahoton, duk da haka ba ta janye shi ba. Turawa sun iya buɗe baki su faɗi wannan, sai gidan rediyon da ke magana da Hausa, wanda kusan duk masu sauraronsa 'yan Afirka ne, shi ne zai yi shiru? Kunya wakilin naku ya ji ko kuwa bai yi bincike ba?

Kada wani ya ɗauka cewa nake a daina zuwa. A je mana! Ni ma gobe idan hali ya yi zan koma. Wanda kuɗin shiga ya yi masa nauyi, ga Saltaire kusa da Bradford, ƙauyen da Titus Salt ya fara ginawa ma'aikatan masaƙarsa a shekarun 1850, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, kuma yawo a titunansa ba a biyan komai. Wanda ke Landan kuma ya leƙa gidan tarihin Horniman, wanda a 2022 ya mayar wa Najeriya mallakar kayayyaki 72 da aka kwaso daga masarautar Benin a farmakin da sojojin Birtaniya suka kai a 1897. Ko kalma ɗaya ba ku yi a kansa ba, alhali shi ne labarin da masu sauraronku za su fi so su ji.

Ina roƙonku ku sake aika wakilin nan ya koma Harewood, wannan karon ya tsaya ya karanta abin da ke rubuce, ya yi hira da ma'aikatan wurin, ya kawo mana cikakken labari.

Sannan don Allah ku yi wa mai haɗa muku sauti magana. Kiɗan da yake sakawa a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa ya yi ƙara da yawa, mahaifiyata da kunnenta ya yi nauyi sai ta riƙa tambayata me aka ce. Tun bara nake son in faɗi wannan.

Naku,
Mai sauraronku daga arewacin Ingila