A ƙayyade jana'izar sojan da shugaban ƙasa zai halarta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili kan muhawarar da ke tasowa duk lokacin da aka binne sojojinmu, wato ko ya wajaba shugaban ƙasa ya je da ƙafarsa.

A ganina ya wajaba, tunda shi ne babban kwamandan askarawa, da sunansa aka tura su. Matsalar ita ce babu ƙa'ida, kowane shugaba yadda ya ga dama yake yi. A 21 ga Mayun 2021 jirgi ya faɗi a Kaduna da babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum 10. Kashegari aka binne su a Makabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, garin da fadar shugaban ƙasa take, amma ministan tsaro Bashir Magashi ne ya wakilci Shugaba Buhari. A 27 ga Maris 2024 kuwa, Shugaba Tinubu ya halarci binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta. A Nijar, shugaban ƙasar na lokacin Mahamadou Issoufou ya katse tafiyarsa a Masar a Disambar 2019 don ya tsaya kan gawawwakin sojoji 71 da aka kashe a harin garin Inates.

Sai dai zuwan shugaba yana da nauyi. Sai jami'an tsaro sun riga shi isa sun bincike wurin, a rufe hanyoyi, a daidaita rana da jadawalinsa. Idan aka ce sai an jira shi, gawar Musulmi za ta yi kwanaki a mutuware, alhali addini ya ce a gaggauta. Wani lokacin ma manyan baƙi ke cike runfa, uwar mamaci da matarsa suna can baya, sai lokacin miƙa musu tuta a tuna da su. Don haka ranar da aka tsayar don iyali ita ce rana. Shugaba ya gyara jadawalinsa, in ya gagara mataimakinsa ya je, shi kuma ya bi da ta'aziyya cikin kwana bakwai.

Ma'aunin kuma kada ya zama muƙami ko kusanci da Abuja. Ƙananan sojoji da dama da suka faɗi a Arewa maso Gabas a makabartar barikin Maimalari ta Maiduguri suke kwance, kuma can ne ba a cika ganin shugabanni ba. Ya kamata hedikwatar tsaro ta rubuta adadi: in an rasa sojoji kaza a hari guda, shugaba zai je ko ina za a binne su.

Bayan an busa bigila an watse ne wahalar iyali ke farawa. Soja ya cike sunan magaji tun yana saurayi, ya sa ɗan'uwansa, ya yi aure ya haihu bai sabunta ba. Ko kuma sunan da ke takardar aiki ya saɓa da na asusun banki, fayil ya maƙale. A jana'izar sojojin Okuama, Tinubu ya ba da wa'adin kwana 90 a biya haƙƙoƙinsu, tare da alkawarin gida da karatun 'ya'yansu. Ya kamata Majalisa ta mayar da wa'adin nan doka ga kowane soja, domin takaba wata huɗu ce da kwana goma, bai kamata mace ta fita daga cikinta tana yawon ofis-ofis da fayil a hannu ba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kaduna