Ba kowane tarin tsohuwa ne na tsufa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana kan cutar da ta zaunar da mahaifiyata, don na tabbata tana cikin gidaje da yawa ba a san sunanta ba.

Inna ta shekara talatin da 'yan kai tana suyar waina a wani ɗan ɗaki kusa da zauren gidanmu. Da kuɗin tandar nan muka yi karatu. Ɗakin ba taga, bango ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya har zubowa take daga rufi. Da damina in itace ya jiƙe, da leda take tada wuta, ta durƙusa tana hurawa, hawaye na zuba. Taba kuwa ko da wasa ba ta taɓa kai ta baki ba.

Da tari ya fara sai muka ce mura ce. Kullum da asuba sai ta yi ta kaki kafin ta iya alwala. Mun sha sayo maganin tari a kemis, an jiƙa mata sassaƙe, an gwada ta sau biyu ko tarin fuka ne, ba a ga komai ba. Dangi suka ce tsufa ne, ni ma na yarda, kuma yardar nan ita ke ci mini rai har yau. Ranar da hankalina ya tashi, ina bayanta tana sallar magariba, na ji ta tsaya sau uku a cikin Fatiha tana neman numfashi.

Sai da muka yi tafiya mai nisa zuwa babban asibiti aka sa ta hura iska iya ƙarfinta cikin bututun wata 'yar na'ura. Nan likita ya ce cutar toshewar hanyoyin numfashi ce, wadda suke kira COPD. Ya bayyana mana cewa hayaƙin shekaru ya kumbura hanyoyin iska ya ƙuntata su, ya kuma lalata ƙananan jakunkunan huhu, sai iska ta shiga ta kasa fita duka. Ba kamar ciwon asma ba ne, wanda yakan taso ya lafa. Wannan zaune take, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Amma ana iya rage mata gudu, musamman in an gano da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum sama da miliyan 3 a 2019, ita ce ta uku wajen kisa a duniya a shekarar. Taba ce babbar ummul'aba'isi, amma a ƙasashe irin namu hayaƙin murhu ma ba baya ba ne.

An ba Inna maganin shaƙa. Da fari ta ƙi, don maƙwabta sun ce in ka fara ba ka dainawa. Wannan magana tana cutar da mutane, maganin buɗe hanyar iska yake yi. An koya mata ta ja numfashi ta hanci, ta tsuke baki ta fitar a hankali kamar mai hura koko. An ce kada ta kwanta, ta riƙa zagaya tsakar gida kullum. Mun daina turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa a ɗakinta. In hunturu ya shigo da ƙura takan rufe hanci, kuma da mun ga kakin ya canza launi ko hakin ya ƙaru, asibiti muke nufa ba kemis ba.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu, a samar da na'urar hura iskar nan a asibitocin ƙananan hukumomi. Wanda aka gwada ba shi da tarin fuka amma tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada a sallame shi haka nan. Mu magidanta kuma, na san gas ya yi tsada, amma fasa taga a madafa bai fi aikin yini ɗaya ba. Ƙanwata ce ta gaji tandar Inna, na kafa mata rumfa a fili, na hana tada wuta da leda.

Inna yanzu a zaune take salla. Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a, Allah Ya ba ta sauƙi da sauran marasa lafiya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Funtuwa